Attaura

Attaura (Àttaurā̀) *sn. mc.*, ba jam. [Lar. *at-Taurāt*, daga Ibr. *Tōrā*, koyarwa]

1. Littafin da Allah ya saukar wa Annabi Musa (AS). *Ɗaliban Islamiyya a Fakuwa sun haddace sunayen littattafai huɗu: ~, Zabura, Linjila, Alƙur'ani.*

2. (Kir.) Littattafai 5 na farkon Littafi Mai Tsarki: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya, Maimaitawar Shari'a. *An buga ~ cikin cikakkiyar fassarar Hausa ta 1932.*

3. (Yah.) Shari'ar da Bayahude mai riƙo da addini ke bi kullum, malaman Yahudawa sun ƙidaya dokoki 613, umarni 248, hani 365. (a) abinci: ban da alade, jini da kifi marar ɓawo; ba a haɗa nama da nono, har tukwanensu daban; (b) Asabar: daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar ba aiki, ba hura wuta, ba ciniki; (c) kaciya: rana ta 8 da haihuwa. *Ya rufe shago saboda ~.*

4. Naɗaɗɗiyar fatar da ake rubuta littattafan ma'ana ta 2 a kanta da hannu, da Ibrananci. *Sun fito da ~ daga akwatinta.* Ana karanta ta a majami'a Litinin, Alhamis da Asabar.

*Dang.:* Bayahude *nj.*, Bayahudiya *mc.*, Yahudawa *jam.*, Yahudanci *nj.*, Talmud, sharhin malamai a kan ma'ana ta 3.