Dankalin Ayalan da Waken Gidanmu

 

Ran Asabar na fita daga ɗakin karatu na bi bakin kogin Liffey a nan Dublin, sai na tarar da gumakan tagulla na mutane ramammu, tsumma a jiki, wani ya saɓo ɗansa a kafaɗa. An kafa su a 1997 don tunawa da babbar yunwar ƙasar nan.

Ga yadda abin ya faru. Dankalin Turawa asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, inda manoma ke da irinsa dubbai. Amma talakan Ayalan, da ɗan filin da mai gona ya ba shi haya, ya raja'a kusan kan iri ɗaya tak, wai shi Lumper, don yana 'ya'ya ko a ƙasa mara kyau. A 1845 cuta ta faɗa masa. Da yake duk jini ɗaya ne, abin da ya kayar da wannan gona shi ya kayar da ta maƙwabci. Zuwa 1852 kusan mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu fiye da miliyan sun yi ƙaura, a ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 8. Kada a ɗora wa cuta laifin duka: a ƙarƙashin mulkin Ingila, jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu ba.

Ina tsaye a wurin sai wake ya faɗo mini a rai. A 2019 Najeriya ta amince da SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsar da ke huda furen wake. Ni dai ba na cikin masu cewa guba ne, kuma wanda ya taɓa goya tankin feshi da rana tsaka ya san daɗin raguwar feshi. Tsorona daban ne. In kowa ya koma iri ɗaya, wa zai ci gaba da shuka kanannado da ɗan ila? Shekaru kaɗan in ba a shuka ba, irin ya mutu a rumbu.

Don haka, Yaya, in ka sayi sabon irin bana, don Allah ka bar ko kunya biyar ga waken da Inna ke ajiyewa cikin toka. Ka tambaye ta sunansa da inda ta samo shi, ka rubuto mini.

A gaida kowa da kowa.