BABI NA UKU: ITATUWAN GONA DA TARIHIN ABINCI A ƘASASHEN WURNO, RABAH DA GORONYO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasa da mutanen wannan yanki. A wannan babi kuwa, za a dubi itatuwan da manomi kan bari a cikin gonarsa, da irin gudummawar da suka bayar wajen ciyar da jama'a tun daga zamanin Daular Usmaniyya zuwa yau. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, waɗannan itatuwa rumbu ne na biyu ga talaka, kuma raguwarsu raguwar abinci ce.

3.1 Zamanin Ribaɗi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi a wajajen shekarar 1830, kuma a nan Allah ya yi masa rasuwa a 1837. Daga cikin manufofinsa akwai zaunar da jama'a wuri ɗaya, har da Fulani makiyaya, tare da kwaɗaitar da su ga noma da sana'a. Zama wuri ɗaya kuwa yana nufin a riƙa noma gona guda shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. A fadamun Gulbin Rima, inda Wurno da Goronyo suke, da na Gulbin Sakkwato da ya ratsa ƙasar Rabah, ambaliya kan sabunta ƙasa duk shekara. A tudu kuwa, inda ake shuka gero da dawa da wake, sai an haɗa da taki da itace.

A nan ne matsayin gawo ya fito fili. Shi gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka. Da rani sai ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna ci suna zuba taki. Wannan ne ya sa geron gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau. Bugu da ƙari, akan bar kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu, ɗorawa saboda daddawa, ga kuma kanya da ɗinya da magarya da goriba waɗanda yara da manya ke sha. A al'adar Bahaushe, itace irin kuka ko ɗorawa dukiya ce da ake gado, har akan bayar da ita jingina.

3.2 Itatuwa a Lokacin Yunwa

Lokacin da ya fi tsanani ga magidanci shi ne tsakanin bazara da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. A wannan tsakani ne mata kan dafa ganyen zogale da ɗinkin da dubagira su yi kwaɗo, domin a rage cin hatsi. Waɗannan ganyaye, tare da kuka da daddawa, su ne suke cike giɓin abubuwan gina jiki da tuwo kaɗai ba ya bayarwa.

Idan kuwa damina ta ƙi, abin yakan wuce haka. Watts (1983) ya kawo jerin yunwoyin da suka auka wa ƙasar Hausa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Daga baya aka sake yin fari daga 1972 zuwa 1974, da kuma 1983 zuwa 1984. A irin waɗannan shekaru mutane kan koma ga 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita, da kuma 'ya'yan aduwa. Dalili shi ne, saiwar itace tana kai wa ga damshin da saiwar gero ba ta kai wa.

3.3 Sauye-sauye

Zuwan Turawa ya kawo dokar daji ta 1916 da keɓe gandun daji, abin da ya sa hukuma ta shiga tsakanin manomi da itace. A zamaninsu ne kuma aka shigo da dogon yaro. Wannan itace yana jure fari, yana ba da inuwa da makamashi, amma ba ya shiga tukunya. Har ila yau, bunƙasar birnin Sakkwato, musamman bayan ya zama hedikwatar jiha a 1967, ta ƙara buƙatar itacen girki. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta ƙarfafa noman rani, sai hankalin hukuma da na manoma ya ƙara karkata ga shinkafa da albasa da tafarnuwa. Daga 2018 kuwa, rashin tsaro ya sa shiga dajin Gundumi ya zama haɗari ga masu tsintar 'ya'yan itace.

Sai dai akwai abin koyi a maƙwabta. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a yi masa aski har ya zama itace, ba tare da an sayi dashe ba.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa itacen da ya tsira a wannan yanki shi ne wanda manomi ya san nasa ne, kuma iyalinsa suna ci daga gare shi. Saboda haka, duk wani shirin dashe, har da na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya kamata a auna shi da yawan kuka da gawo da aduwa da suka rayu a gonaki. A babi na gaba za a dubi yadda mata suke sarrafa waɗannan itatuwa su zama abinci.