Digiri na Biyu Daga Nesa a Fannin Aikin Jinƙai: Wane Ne Ɗalibin?

Karatun digiri na biyu a fannin aikin jinƙai na ƙasa da ƙasa bai daɗe da samuwa ba. Haɗakar jami'o'in Turai mai suna NOHA ta kafu a 1993, sai abin da ya faru a garin Goma a 1994 ya ƙara wa batun ƙaimi, lokacin da kwalara da atuni suka kashe dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin 'yan makonni, alhali ga ƙungiyoyin agaji jibge a wurin. Binciken haɗin gwiwa na 1996 kan yadda aka tafiyar da wannan agaji, da shirin Sphere na 1997 mai tsara mizanan aikin agaji, duk sun biyo bayan hakan. Inda ake ja-in-ja yanzu shi ne reshen karatun da ake yi daga nesa ta intanet, irin wanda jami'o'in Manchester da Oxford Brookes suke bayarwa a Ingila.

Sukar da aka fi ji daga bakin tsofaffin ma'aikatan agaji ita ce, wannan aiki ba a koyonsa a gaban kwamfuta, domin gani ya kori ji. A cewarsu, wanda bai taɓa tsayawa a shingen 'yan bindiga yana roƙon a bar motar abinci ta wuce ba, ko ya tsawatar wa layin rabon hatsi da ke neman rikicewa, takardar shaidarsa ado ce kawai. Sukan ƙara da cewa jami'o'i sun hango kasuwa ne: ɗalibin nesa ba ya bukatar aji ko ɗakin kwana, amma yana biya da fam.

Maganar tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ga alama ta yi kuskuren gane ɗalibin. Masu sukar suna hasashen matashi ne a Landan da bai taɓa ganin sansani ba. Amma mafi yawan ma'aikatan agaji a duniya 'yan ƙasashen da bala'in ya auka wa ne, kuma su ne suka fi mutuwa a bakin aiki. Ma'aikaciyar jinya a Maiduguri ko jami'in samar da ruwa a Difa ba gogewa suka rasa ba. Shingen da ake magana a kai, kullum ta nan suke bi. Abin da sau da yawa ba su samu zarafin karantawa ba shi ne tushen aikin: me sashe na 3 da Yarjejeniyoyin Janeba huɗu na 1949 suka yi tarayya a kansa ya wajabta a yaƙin cikin gida, dalilin da ya sa mutuwar fiye da mutum ɗaya cikin 10,000 a rana take zama alamar halin gaggawa, yadda aka kai ga mizanin lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, da lokacin da ya dace a yi gardama da shi. Waɗannan duk ilimin littafi ne, kuma da wuya a kawo hujjar cewa sai a cikin aji ake fahimtarsu. Hasali ma, wanda ya karanta darasin da dare ya wayi gari cikin sansani ya fi saurin gane inda littafin ya kauce.

Akwai kuma batun muƙami, wanda masu sukar kan tsallake, wataƙila don su sun riga sun samu nasu. Manyan kujeru a hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya galibi suna neman digiri na biyu. A taron ƙoli kan aikin jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, ba a kuwa cika ba. Ɗaya daga cikin uzurorin da ake kawowa shi ne ƙarancin ƙwarewar da za a iya tabbatarwa a rubuce. Ma'aikacin da ba zai iya ajiye aiki da iyali ya tafi Turai shekara guda ba, karatun nesa ne kusan hanyar da ta rage masa.

A nan ya kamata hujjar ta rage faɗi. Ta tsaya ne a kan ɗalibin da ke bakin aiki. Ga sabon shiga, masu sukar sun fi kusa da gaskiya, domin sasantawa da mai riƙe da makami ba ta koyuwa ta allo. Ko ga ma'aikacin ma, ƙofar a tsuke take. Kuɗin karatu da fam ya ƙara nauyi ga mai albashin naira tun faɗuwar darajarta a 2023, intanet da lantarki ba su da tabbas a garuruwan da aikin ya fi yawa, kuma darussan da Ingilishi ko Faransanci suke, alhali a sansanonin Barno da Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa ake sauraron koken jama'a.