Uwar da Ba Ta Yi Kuka Yadda Mutane Suke So Ba

Yau za mu ɗauko darasinmu daga wani abin da ya faru a ƙasar Ostiraliya, domin mu ga abin da yakan biyo baya sa'ad da mutane suka yanke wa mai baƙin ciki hukunci bisa ga fuskarsa.

A ranar 17 ga Agusta 1980, wani fasto mai suna Michael Chamberlain da matarsa Lindy suna hutu da 'ya'yansu kusa da Uluru, wani babban dutse a tsakiyar hamadar ƙasar. Da dare uwar ta kwantar da jaririyarta Azaria, 'yar mako tara, a cikin tanti. Jim kaɗan aka ji kukan jariri. Da ta koma, sai ta yi ihu cewa dingo, wato karen dajin ƙasar, ya ɗauke 'yarta. Mutane suka bazu da tocila cikin duhu, amma ba a taɓa samun gawar ba. Maharba 'yan asalin wurin, waɗanda suka gwanance da bin sawu, sun ga sawun dingo kusa da tantin. A 1981 mai binciken farko ya yarda cewa dingo ne.

Amma jama'a ba su gamsu ba. Sun ga uwar a talabijin tana amsa tambayoyi a natse, ba hawaye, sai suka ce uwa ta gaske ba za ta yi haka ba. Ga shi kuma iyalin 'yan ikilisiyar Adventist ne, masu sujada ran Asabar, waɗanda yawancin mutanen ƙasar ba su san su sosai ba. Jita-jita ta tashi cewa ma'anar sunan yarinyar hadaya ce a jeji. Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki mun san sunan Azariya, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya taimaka. Amma wa ya tsaya ya tambaya?

Aka sake buɗe bincike. Masana suka ce sun sami jinin jariri a cikin motar iyalin. A ranar 29 ga Oktoba 1982 kotu a birnin Darwin ta yanke wa Lindy ɗaurin rai da rai, tana da tsohon ciki. A tsare ta haifi 'yarta. Mijin kuma aka same shi da laifin rufa mata asiri.

Tun farko Lindy ta ce yarinyar tana sanye da wata 'yar rigar sanyi, masu ƙara kuwa suka musa. A Fabrairu 1986, ana neman gawar wani baƙo da ya faɗo daga dutsen, sai aka tsinci wannan riga kusa da ramukan dingo. Aka sake ta bayan kusan shekara uku a kurkuku. Bincike ya nuna cewa abin da aka kira jini a ƙarƙashin gaban motar wani sinadari ne da masu ƙera mota suke fesawa don rage ƙara. A 1988 aka soke hukuncin. Amma sai a ranar 12 ga Yuni 2012, wajen shekara 32 bayan wancan dare, hukuma ta rubuta cewa dingo ne ya kashe Azaria. Kafin nan auren iyayen ya riga ya mutu tun 1991.

'Yan'uwa, wannan kuskure ba sabo ba ne. A littafin Sama'ila na fari, Eli firist ya ga leɓunan Hannatu suna motsi ba murya, ya ɗauka ta bugu, alhali zuciyarta ce take zubawa a gaban Allah. A Sama'ila na biyu, da jaririn Dawuda ya mutu, sai ya tashi ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci, har bayinsa suka yi mamaki. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi, suka ɓata lokacin da suka fara neman laifinsa. Wani baƙin cikinsa kururuwa ne, wani kuwa bakinsa yakan mutu.

Mu da muke ƙananan kabilu mun san zafin a ba da labarinmu ba a tambaye mu ba. To, me muke yi a namu ƙauyuka idan yaro ya ɓace? Ba mukan fara raɗa cewa uwar mayya ce, ko uban ya sayar da shi don kuɗi ba? Ba muna cewa kada a yi bincike ba. Akwai iyayen da suka cuci 'ya'yansu, hukuma kuwa dole ta bi shaida duk inda ta kai. Amma bushewar ido ba shaida ba ce, irin addinin mutum ma ba shaida ba ne.

Idan irin wannan ya faru a unguwarmu, mu kai rahoto da sauri, mu shiga nema, mu kai abinci gidan, mu faɗi abin da idonmu ya gani kaɗai. Allah ne mai ganin zuciya. Ubangiji ya tsare bakinmu, ya kuma ta'azantar da dukan iyayen da har yau suke jiran labarin 'ya'yansu. Amin.