Borin Jini, Alaji da Tantabarun Bayan Ɗaki

Kalma ɗaya ce, ƙaiƙayi, amma aiki biyu take yi. A masussuka, idan kaka ta yi a ƙauyukan Bungudu da Tsafe, ƙaiƙayi shi ne abin da iska ke kwashewa in mata na sheƙar gero ko dawa. A jiki kuwa shi ne abin da ke sa mutum susa har ya ji wa kansa ciwo. Duk wanda ya taɓa tsayawa ta inda iskar masussuka ke kaɗawa ya san dalilin da ya sa suka yi tarayya a suna. A nan Bahaushe ya raɗa wa ciwo sunan abin da ya jawo shi, kuma ba kullum yake yin haka ba.

Ga ƙazuwa mai shiga tsakanin yatsu ta hana barcin dare. Ga makero mai zagaye kan yaro ya cinye gashi, ga kyasbi mai dabbare ƙirji da baya, ga ƙurajen zafi na bazara. Tsohuwar da ta raini jikoki tana rabe su da kallo ɗaya. Sai kuma wanda ya fi su daɗin suna, borin jini: fata ta tashi rudu-rudu kamar an zane mutum da tsumagiya, ta yi ƙaiƙayi, kafin gobe ta kwanta, wataƙila ta sake tasowa a wani wuri dabam.

Wane bori ke nan? Akwai na 'yan bori, inda iska ke hawa mutum ya fita hayyacinsa. Akwai na yaro da aka hana wani abu ya faɗi yana birgima. Akwai na tukunya, in ta tafasa kumfa ya ture murfi. Can gefe ga maƙwabcinsu bore, wato tawaye, wanda wasali ɗaya ya raba su a rubutu.

Ni na tukunya na fi so, kuma ina da abokan ra'ayi a nesa. Sunan da likitoci ke ba fata mai bushewa da ƙaiƙayi da tsattsafo ruwa, ekzima, daga kalmar Girkanci ekzein ya fito, ma'anarta abu ya tafasa ya zubo. Ekzima dabam, borin jini dabam: ita tana daɗewa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, shi kuwa baƙon yini guda ne. Amma Bagirke da Bahaushe duk sun dubi fata sun ga tafasa.

To jinin fa, ƙazafi aka yi masa? Ba duka ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin fata da ke ajiye da sinadarin histamin. In suka sake shi, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyayo daga cikinsu ya taru ƙarƙashin fata. Kumburin ke nan. Shi ya sa ƙwaya irin Piriton, mai tare wa histamin hanya, ke kwantar da shi, ta kuma kwantar da mai shi da barci.

A kemis a Gusau, ko a bakin ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, wata kalmar za ka ji. Uwa ta miƙa hannun ɗanta ta ce, "Malam, duba mini, jininai na ka bori." Mai kemis ya duba ya ce, "Hajiya, alaji ne." In ba a saba ba sai a waiwaya a ga wane Alhajin ake nufi, tunda a bakinmu harafin h ɗin Alhaji ya daɗe da faɗuwa.

Wannan alajin bai je Makka ba, daga Biyana ta ƙasar Ostiriya ya taso. Likitan yara Clemens von Pirquet ne ya ƙera kalmar a 1906, daga Girkanci allos, wani dabam, da ergon, aiki. Ya lura cewa yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki karo na biyu, jikinsu kan mai da martani da sauri fiye da na farko. Wato jiki ya sake salon aiki bayan haɗuwar fari. Kalmar ta bi Ingilishi ta zo mana, ta bi Faransanci ta isa Maraɗi a matsayin alerji. Larabawa ba su ara ba, suka ce hassasiyya, daga tushen da ke nufin ji: jiki mai saurin ji.

A jera su. Bature ya ce jiki ya canja aiki, Balarabe ya ce ya cika ji, Bahaushe ya ce jini ya hau bori. Namu ya fi rai, sai dai yana da illa. Tunda ya ɗora laifi a kan jini, sai a tafi neman maganin wankin jini, a manta da tambayar farko: me ya taɓa, me ya ci, me ke kwana kusa da shi?

Wani lokaci amsar tana bayan ɗaki tana kuka. Kano ta fi cewa tattabara, yamma ta fi cewa tantabara, kuma gidaje da yawa na da ɗan ɗakinsu na laka ko na katako. Tsuntsuwa guda na iya jawo abubuwa uku, duk mu tara su a kalma ɗaya.

Na farko farin garin da ke jikin gashinta, wanda ke manne wa hannu in ka kama ta. Ga mai alaji, shi da busasshen kashinta kan kawo atishawa da jan ido, su tayar da ekzima. Na biyu ya bar fata ya shiga ƙirji: tari da numfashi sama-sama sa'o'i kaɗan bayan sharar ɗakin. A 1965 likitoci a Amurka suka ba shi suna mai sauƙin fassara, huhun mai kiwon tantabaru.

Na uku shi ya fi yaudara, domin cizo ne. Wani ɗan jan ƙwaro ne da bai kai milimita guda ba, da rana yana ɓoye a tsagar bango da katakon akurki, da dare ya fito shan jinin tsuntsu. In tsuntsayen suka tashi ko aka sayar da su, sai ya koma kan mutanen gida. Masana suka kira shi Dermanyssus gallinae, mai sukar fata na kaza. Ƙurajensa na kama da ƙazuwa, amma ƙazuwa cikin fata take rami, daga mutum take zuwa mutum. Shi wannan a bango yake zaune, ko an shafe gidan duka da maganin ƙazuwa, in ba a gyara akurki ba, jiya i yau.

Aku ma tana da irin wancan farin garin na gashi, da yawa kuwa. Kuturun da ke cikin sunanta aku-kuturu bai kamata ya tsorata kowa ba, ba ta sa kuturta. Kunne ma na jin kamannin sunan da ayekoto, sunan da Yarbawa ke kiranta, kuma daga dazukan kudu ake kawo ta.

Yaya ake rabe alaji da abin da ba shi ba? Ƙarara ce ma'auni. Gashin kwafsarta na sa kowa susa, sarki da talaka, tun taɓawar farko, har sunanta na Latin, pruriens, mai ƙaiƙayi yake nufi. Alaji kuwa zaɓe yake yi. Mutum goma su shafa kyanwa, wadda a nan Zamfara ake ce wa mussa, ɗaya ne zai kumbura. Haka yake a abinci: in likita daga Kano ya tambayi Bazamfare ko ya ci gyaɗa, ya kyautu ya ƙara da gujiya, don kada kowa ya tafi da tasa fahimtar.

Sunan da ya fi ba ni haushi shi ne baƙin lalle. Lalle ganye ne, ja yake bayarwa, da wuya ya cutar da fata. Baƙin nan na zanen amare rini ne mai sinadarin PPD, wanda ake sa wa maganin furfura. Sunansa na biyu, dayis, ya fi gaskiya, domin daga kalmar Ingilishi mai nufin rini aka aro shi. Kumburinsa ba ya zuwa nan take. Sai bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci mako guda ko fiye a karon farko, fata ta duri ruwa daidai bisa zanen, fure inda fure yake, ganye inda ganye yake. Wadda ya taɓa yi wa haka, jikinta ya riƙe, ko bayan shekaru ta shafa rinin gashi zai iya tashi.