Death: Ƙungiyar Makaɗa ta Fulorida, 1983–2001

Death ƙungiyar makaɗa ce ta ƙasar Amurka, kuma tana cikin na farko da suka aza harsashin salon kiɗan death metal. Chuck Schuldiner ne ya kafa ta a 1983 a garin Altamonte Springs na jihar Fulorida. An haife shi ranar 13 ga Mayu, 1967 a jihar Niyok, amma a Fulorida ya tashi. Yana ɗan shekara 16 ya haɗu da Kam Lee da Rick Rozz suka soma kiɗa da sunan Mantas, a 1984 kuma ƙungiyar ta ɗauki sunan da aka san ta da shi.

Kiɗan ya ginu a kan jita mai lantarki da ake murɗa sautinta ya yi kauri, da ganguna masu tsananin sauri, da murya mai gurnani wadda ke fitowa daga maƙogwaro. Schuldiner ne mai rubuta mafi yawan waƙoƙi, shi ne mai jita, shi ne kuma mai rerawa. Sauran makaɗan sun yi ta sauyawa, har babu faifai biyu da suka fito da jerin mutane iri ɗaya.

Faifai bakwai na situdiyo ƙungiyar ta fitar. Na farko, Scream Bloody Gore, ya fito a 1987 a kamfanin Combat, da Chris Reifert a kan ganguna, kuma jigoginsa daga finafinan ban tsoro aka ɗebo su. Leprosy ya biyo baya a 1988, an ɗauke shi a situdiyon Morrisound da ke birnin Tampa, wanda daga baya ya zama matattarar wannan salo. A Spiritual Healing na 1990 baituka sun koma kan al'amuran jama'a, irin su shaye-shaye da masu wa'azin talabijin da ke cin dukiyar mabiya.

Babban sauyin ya zo da Human a 1991. Schuldiner ya gayyato Paul Masvidal da Sean Reinert na ƙungiyar Cynic, tare da Steve DiGiorgio, makaɗan da ke da kunnen jaz. Saurin bai ragu ba, amma kari ya riƙa juyawa a tsakiyar waƙa, amo ya sami sarƙaƙiya, baituka kuma suka karkata ga halin ɗan Adam: yaudara, shakka da kaɗaici. Mai yiwuwa nan ne ƙungiyar ta kai ƙololuwarta, ko da yake masu fifita Symbolic na 1995 ba kaɗan ba ne. Tsakanin su biyun akwai Individual Thought Patterns na 1993, inda Gene Hoglan ya karɓi ganguna. Na ƙarshe shi ne The Sound of Perseverance, wanda kamfanin Nuclear Blast na Jamus ya fitar a 1998.

Tun kafin faifai, sunan Death ya bazu ta hanyar kaset-kaset da masoya ke kwafa suna aika wa juna ta gidan waya tsakanin Amurka da Turai. Salon ya kafu a Suwidin da Holand da Foland da Burazil, ya kuma iso Afirka: a garin Ghanzi na Botswana an kafa ƙungiyar Overthrust a 2008.

A 1999 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwar Schuldiner, a shekarar da wata ƙungiyar tasa, Control Denied, ta fitar da faifanta The Fragile Art of Existence. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 2001, yana da shekara 34, kuma da rasuwarsa ƙungiyar ta watse. Marubuta tarihin wannan kiɗa sukan jera Scream Bloody Gore da Seven Churches na ƙungiyar Possessed, wanda ya fito a 1985, a matsayin mafarin salon. Tun 2012 wasu tsoffin makaɗan ƙungiyar suke zagaya ƙasashe suna buga waƙoƙinta da sunan Death to All.