Tarihin Ƙera Jirgin Sama a Gida da Soso da Faiba

Jirgin ƙirar gida ƙaramin jirgin sama ne mai ɗaukar mutum ɗaya zuwa huɗu, wanda mai shi yake ƙerawa da hannunsa a gareji ko rumfa, don amfanin kansa. Hanya biyu ake bi. Wani yakan sayi sassan da kamfani ya riga ya yanka, aikinsa haɗawa kawai. Wani kuma littafin zane kaɗai zai saya, ya nemo kayan aiki da kansa, ya fitar da kowane sashe daga tushe. Wannan hanya ta biyu ta fi araha, ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta sauya kamanni a shekarun 1970, lokacin da soso da zaren gilashi da gam suka shigo fagen da katako da alminiyam suka daɗe suna riƙe da shi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk yaron da ya taɓa ƙera motar kara. Totuwar kara ita kaɗai da yatsa ake murƙushe ta, ɓawonsa shi kaɗai lanƙwashewa yake yi, amma muddin suna manne da juna kara yana da ƙarfi kuma ba nauyi. Haka fiffiken irin wannan jirgi yake: busasshen soso a ciki, a waje kuma fata siririya ta yadin gilashi, wanda masu gyaran mota da jirgin ruwa ke kira faiba, an jiƙa shi da gam ɗin ifoksi ya daskare. Soson yana riƙe siffa, fatar tana ɗaukar nauyi.

Zamanin katako da yadi

Sayar da zanen jirgi ya kusan tsufa kamar jirgin kansa. A 1910 mujallar Popular Mechanics ta Amurka ta buga zanen Demoiselle, ɗan jirgin gora da yadi na Alberto Santos-Dumont ɗan ƙasar Brazil, wanda ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Bernard Pietenpol, wani makaniken ƙauye a jihar Minnesota, ya ɗora injin motar Ford a kan jirgin katako, aka buga zanensa a 1932, kuma har yau ana ƙera shi. A Faransa, Henri Mignet ya fitar da littafi a 1934 yana koya wa talaka yadda zai ƙera jirginsa Pou-du-Ciel. Mutane da yawa suka rungume shi a Faransa da Ingila, sai aka fara mutuwa: idan jirgin ya sunkuyar da kai da gudu, ba ya ɗagowa. Hukumomi suka hana shi tashi a 1936 har sai da aka gano aibin da ke tsakanin fukafukansa biyu aka gyara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ba jiragen ƙirar gida gurbi a doka, bisa sharaɗin cewa mai jirgin ne ya yi fiye da rabin aikin, don koyo ko nishaɗi. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu ƙera jiragen gida ta EAA a Milwaukee, kuma tun 1970 taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh ya zama kasuwar da duk mai sabon zane yake kai hajarsa.

Shigowar faiba

Jamusawa ne suka fara. Ranar 27 ga Nuwamba, 1957, jirgin fs-24 Phönix marar inji ya tashi, ƙirar Hermann Nägele da Richard Eppler na ƙungiyar ɗaliban jami'ar Stuttgart, da katakon balsa a ciki da faiba a waje. Ya nuna cewa faiba tana ba da fiffike mai santsin da alminiyam mai ƙusoshi ba zai taɓa bayarwa ba. Matsalar ita ce sai an fara sassaƙa mazubi, kuma mazubin fiffike yakan fi fiffiken kansa tsada da wahala. Ga kamfanin da zai fitar da jirgi ɗari, wannan ba komai ba ne. Ga mai son jirgi ɗaya tak, aiki biyu ne. Ken Rand ya rage hanya a 1972 da jirginsa KR-1, mai gangar jiki ta katako da fukafukan soso da aka lulluɓe da yadi da gam, da injin Volkswagen.

Wanda ya kammala dabarar shi ne Burt Rutan, injiniyan da ya yi aikin gwajin jiragen soja a sansanin Edwards kafin ya buɗe ɗan kamfaninsa a Mojave, cikin hamadar Kaliforniya, a 1974. Shawararsa ita ce a bar mazubi gaba ɗaya: a yanke soson a siffar fiffike, a shimfiɗa faiba a kansa, a bar soson a ciki har abada. Jirginsa VariEze ya fara tashi ranar 21 ga Mayu, 1975. A taron Oshkosh na shekarar, yayansa Dick Rutan ya yi ta zagaye da shi har kilomita 2,636 ba sauka, abin da ba a taɓa yi da jirgi mai nauyi ƙasa da kilo 500 ba. Da aka fara sayar da zanen a 1976, mutane suka yi rububi.

Siffar jirgin ma ta ja ido. Inji da farfela suna baya, babu jela, sai wani ƙaramin fiffike a kusa da hanci. An tsara shi yadda idan gudu ya ragu sosai, ƙaramin fiffiken ne zai fara sakin iska, hanci ya sauko, gudu ya dawo, tun babban fiffike bai gaza ba. Da yake nauyin inji yana baya, idan matuƙi ya fita sai a naɗe tayar gaba a ajiye jirgin a durƙushe, don kada ya kife ta baya. Ƙaninsa Long-EZ, wanda ya tashi ranar 12 ga Yuni, 1979, ya fi shi girma, da injin Lycoming, kuma yana iya wuce kilomita 3,000 da cikon mai ɗaya. A 1997 Dick Rutan da Mike Melvill, haifaffen Afirka ta Kudu, sun zagaya duniya da Long-EZ biyu da suka ƙera da kansu.

Yadda aikin yake

Littafin Rutan bai yi kama da zanen injiniyoyi ba. Babi-babi ne, da hotunan hannu da umarni mataki-mataki, kuma ɗaya daga babukan farko darasi ne: mai ƙira zai yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje, ya auna nauyinsu, ya gwada ƙarfinsu, kafin ya taɓa kayan jirgi.

Yankan fiffike aikin mutum biyu ne. Ana kafa allon siffa a kowane gefen dunƙulen soso, an yi wa bakin kowane allo lambobi. Sai a ɗaure siririyar waya a jikin katako kamar baka, a sa mata wuta kaɗan ta yi zafi. Kowa ya riƙe gefe ɗaya, ɗaya yana kiran lamba da ƙarfi, ɗayan yana daidaita hannunsa, don su isa kowace lamba tare. Wayar tana ratsa soson da ɗan sauti, tana barin zare-zare siriri a bayanta. Idan ɗaya ya yi gaba, ko suka yi sauri har tsakiyar wayar ta ja baya, fiffiken ya karkace, soson ya tafi a banza. Kuma ba kowane soso ake yanka haka ba: nau'in yuretan yana fitar da hayaƙi mai guba in ya ji zafi, shi da wuƙa ake sassaƙa shi.

Daga nan sai shimfiɗa. Ana auna gam da mahaɗinsa a sikeli, ba da ido ba. Ana shafe fuskar soson da gam da aka dama da garin gilashi mai sauƙi don toshe ramuka, a ɗora yadi, a bi shi da burushi da faifan roba har farinsa ya ɓace. Littafin yana faɗin falle nawa za a sa a kowane wuri da inda zaren zai fuskanta, domin ƙarfin faiba yana bin tsawon zare ne. Gam ya yi kaɗan, fatar ta yi rauni. Ya yi yawa, jirgin ya yi nauyin da zai ɗauka duk rayuwarsa. Abin da masu ƙira suka fi kuka da shi kuwa shi ne gogewa: cikewa da bin sanfefa, wata da watanni, har fiffike ya yi sumul. Ana ƙiyasta aikin jirgi mai kujera huɗu irin Cozy a wajen sa'o'i 2,500, amma a aikace shekaru yake ci, kuma da yawa sukan sayar da nasu rabi da rabi.

A nan raunin dabarar yake. Ƙusar da aka buga ba daidai ba a jikin alminiyam, mai dubawa zai gan ta. Fallen faiba da aka manta, ko gam da aka dama ba daidai ba, da zarar an yi fenti ya ɓuya. Ingancin jirgin ya rataya a kan gaskiyar mutum ɗaya a lokacin da ba mai kallonsa. Shi ya sa Rutan ya riƙa fitar da wasiƙar Canard Pusher, mai ɗauke da gyare-gyaren dole da labarin kowane haɗari, kuma shi ya sa dokar Amurka ta ce sabon jirgi ya yi sa'o'i 25 zuwa 40 na gwaji a keɓaɓɓen wuri kafin ya ɗauki fasinja. An gano, misali, cewa ruwan sama a kan ƙaramin fiffiken Long-EZ yana sa hanci sunkuyawa, sai wani masanin siffar fiffike, John Roncz, ya tsara masa sabuwar siffa a 1985. Mawaƙi John Denver ya mutu a cikin Long-EZ ranar 12 ga Oktoba, 1997, a gaɓar Monterey. Wanda ya ƙera jirgin ya kauce wa zane, ya kai makunnin sauya tankin mai bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Masu bincike suka ce a wajen juyawa don kamo shi ne jirgin ya ƙwace.

Rutan ya daina sayar da zane a 1985, ya koma manyan ayyuka, ciki har da jirgin Voyager da ya zagaya duniya ba sauka ba shan mai a Disamban 1986. Wani mai zanen jirgi, Nat Puffer, ya ci gaba da layin da jiragen Cozy, waɗanda har yanzu ana sayar da zanensu. Amma kasuwa ta karkata zuwa sassan da aka riga aka zuba a mazubi, irin na Glasair da Lancair, da kuma jiragen alminiyam na kamfanin Van's, waɗanda fiye da 10,000 suka tashi.

A Najeriya

Ta wannan reshe na Van's ne jirgin ƙirar gida ya shigo ƙasar nan, kuma ta hannun soja. Kamfanin AIEP na Kaduna, wanda daga baya aka sani da DANA, ya ɗauki jirgin RV-6A na Van's ya yi masa gyare-gyare, ya sa masa suna Air Beetle. Ya fara tashi a 1989, rundunar sojan sama ta yi odar guda 60, aka harhaɗa su a Kaduna, aka kuma yi shekaru ana koyar da ƙananan hafsoshi tuƙi da su. Faiba ta zo daga baya: jiragen Diamond da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ke horo da su a yau na faiba ne, amma ƙirar masana'anta. Injiniyoyin sojan sama a Kaduna kuma sun fitar da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018.

A gefe guda akwai matasa masu ƙira da ka. A 2007 labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya zagaya duniya, bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, ya ɗaga ƙafa kaɗan daga ƙasa. Hazaƙar ba abin musu ba ce. Abin da irin waɗannan ayyuka suka rasa shi ne abin da littafin zane yake sayarwa: lissafin nauyi da daidaito da wani ya riga ya yi, da gwajin da wani ya riga ya sa ransa a kai.

A ƙasar Kabi, misali, filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya fi sabawa da jiragen alhazai, sai ƙananan jiragen da ake kawowa feshin tsuntsayen jan-baki idan sun addabi shinkafar fadama. Wanda zai ƙera jirgin soso a nan, abokin gabarsa na farko zafi ne. Ana son ɗakin aiki ya tsaya tsakanin digiri 21 da 27, alhali a watan Afrilu Birnin Kebbi tana haura 40. A irin wannan zafi gam yakan fara kamawa tun yana cikin kofi, wani lokaci ya yi zafi har ya yi hayaƙi, don haka shimfiɗa sai da asuba ko a lokacin sanyin hunturu, shi kuma da ƙurarsa yake zuwa. Bayan an gama ma zafin bai ƙyale jirgi ba: ifoksin da ya daskare a ɗaki yana fara laushi daga wajen digiri 60 zuwa 70, kuma baƙin fenti a rana yana wuce haka. Dalilin da ya sa kusan duk jiragen Rutan farare ne ke nan.

Kayan kasuwa kuma suna yaudara. Farin soson kula mai ƙwaya-ƙwaya ba shi ne na fiffike ba. Faibar masu gyaran bamba gutsattsarin zare ce da aka matse, ba saƙaƙƙen yadi ba, kuma gam ɗin foliyesta da suke dama ta da shi narkar da soson fiffike yake yi nan take. Mai ma abin lura ne, tunda tankin Long-EZ sashe ne na jikin jirgin, da faiba aka gina shi. Man jiragen fistan yana wahalar samu a Najeriya, fetur ɗin gidan mai kuma idan yana da sinadarin barasa yakan ci wasu nau'o'in gam, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya lalata injinan motoci a farkon 2022 ba. Inji, farfela, yadi, gam da soso duk sai an yi odarsu da dala, sannan jirgin ba zai bar titin Ambursa ba sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta yi masa rajista ta ba shi izinin tashi.